Katakon Gefen Hagu

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe 4:20 na yamma

Matar ofishin kula da yara ta zo ta tafi. Madam Thibault sunanta. Ba za ta girmi 'yata Shawna ba, amma ta shigo mini gida da takarda maƙale a allo tana leƙe-leƙe kamar mai shirin sayen gidan. Ta danna na'urar gano hayaƙi, ta yi ƙara. Ta buɗe firij. Ta tambayi inda nake ajiye magungunana, na nuna mata akwatin da na sa wa kwaɗo. Duk ta yi musu alama. Da muka zo ɗakin da jikata Linnea za ta riƙa kwana, sai ta ja ta tsaya.

"Ina ƙofar?"

Na ce ga ta nan a gabanta.

"Wannan ai labule ne, Madam Koski."

Na ce na sani, ni na ɗinka shi. Na ce uwar yarinyar a bayan labulen nan ta girma, shekara goma sha bakwai, ba abin da ya cinye ta. Ina rufe baki na yi da-na-sanin buɗe shi. Ta dai sunkuyar da kai kan takardarta. Da ta amsa mini da ya fi sauƙi.

Ƙa'idarsu ce, wai ɗakin yaro sai da ƙofa mai rufuwa. Za ta dawo ran 5 ga Nuwamba. In ta tarar da ƙofa, jikata ta dawo hannuna. In babu, ta ci gaba da zama wurin mutanen da aka kai ta har sai an sake zama a kan maganar bayan Kirsimeti. Shekararta takwas. Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan tana kwana a gidan da ban san ko launin bangonsa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Ɗakin nan asalinsa na cin abinci ne, shi ya sa bakinsa ke da faɗi, ƙafa huɗu. In aka sa ƙofa irin ta kowa, ta buɗe waje ta daki murhu, ta buɗe ciki ta daki gado. Mai shagon kayan gini ya ce in ɗauki mai ninkewa: falle huɗu, biyu-biyu, suna gudu a cikin layin ƙarfe da ake ɗaurewa a sama, su haɗu a tsakiya.

"Aikin rabin awa ne, Madam. Ko makaho zai ɗaura."

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a kan ƙanƙarar Thunder Bay, ban taɓa jefa ɗan kowa a rami ba. Ƙofa ba za ta gagare ni ba.

Alhamis, ƙarfe 6:45 na yamma

Ina neman makahon nan.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe 3:30 na yamma

Ranar ganin Linnea. Awa ɗaya ake ba mu, a wani ɗaki na ofishinsu mai kujerun roba da agogo ƙato a bango don kada mutum ya manta. Na kai mata burodin nan mai sukari ruwan hoda a kai da take so. Ta lashe saman ta bar sauran, halinta ke nan tun tana rarrafe. Wani ya yi mata kitso, ya ja gashin da yawa, har goshinta na sheƙi. Na yi shiru. An ce in na soki mutanen a gabanta za a rubuta.

Ta tambaye ni kyanwar maƙwabta. Ba ta tambayi uwarta ba, ni ma ban ɗauko zancen ba.

Na dawo na sake gwada ƙofar. Layin sama ya ɗauru lafiya. Falle biyun dama sun tsaya cak. Da na rataya na hagu na zo rufewa, sama ya haɗu, ƙasa kuwa ya hau kan ɗan'uwansa ya cije. Na cire na mayar sau huɗu. Takardar bayanin hotuna ne zalla, da wani ɗan mutum mai murmushi riƙe da sukurudireba. Na ci masa mutunci sosai.

Kwana arba'in da biyar.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe 10:15 na safe

Na auna faɗin bakin ɗakin. Sama inci arba'in da takwas. Ƙasa arba'in da bakwai. Inci guda cur ya yi ɓatan dabo a tsakanin kaina da ƙafata. Na ɗora ma'aunin ruwa a katakon gefen dama, ƙwayar iskar ta zauna a tsakiya abinta. Na ɗora a na hagu, ta gudu gefe. Gidan ne ya zauna ta wannan ɓangaren, sanyin shekara saba'in ya tura katakon ciki daga ƙasa.

To, ya tura. Gefen hagu ba a taɓa shi. Ƙofar ce za ta bi gidan.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe 11:40 na safe

Na shimfiɗa fallen ƙarshe a kan teburin kicin, na ja layi, na ɗauko zarton babanmu na rage inci guda daga gefensa ta ƙasa. Zarton na tafiya da kyau, sai na ji ya zurma. Ashe cikin ƙofar fanko ne! Kwali ne a ciki, an jera shi kamar saƙar zuma, da ɗan siririn katako a baki don a rufe wa mai saye ido. Wannan siririn na yanke. Yanzu in ka matsa ta da yatsa biyu sai ta lotse.

Na zauna a ƙasa cikin garin katako na yi ta zagi. Na zagi mai shagon, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi Madam Thibault da allonta. Akwai wadda ban zaga ba, ita ce kuma na fi jin haushi.

Talata, ƙarfe 2:05 na rana

Waya ta yi ƙara. Lambar wurin da Shawna take ce. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na sayo wata. Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, na kalle shi, ya rufe.

Yayana Reino ya zo ba tare da na kira shi ba. Tun da ya bar aiki a rumbunan alkama na bakin tafki ba shi da sana'ar da ta wuce duba kuskuren mutane. Ya shigo da takalmansa, ya ga gawar ƙofar farko jingine a bango, ya yi dariya har da tari.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika? A kira 'yan sanda."

"In shayi ka zo sha, ga buta can."

Ya ɗauki ma'aunin ya ɗora a gefen hagu, ko minti ɗaya bai yi ba. "Ke Arlene, ai ga ɓarawon nan. A ɓamɓare katakon nan, a sa sabo a miƙe, kafin shayin ya huce an gama."

Na ce ba za a ɓamɓare ba.

"To a kankare shi."

Na ce ba za a kankare ba.

Sai ya sa tabarau ya matsa kusa, ya ga abin da ya sani sarai yana wurin. Layukan fensir ne, daga daidai gwiwata har zuwa kafaɗata. Duk ranar haihuwar Shawna nakan tsayar da ita a jikin katakon nan ba takalmi, in ɗora mata littafi a ka, in ja layi, in rubuta shekarun. Biyu, uku, huɗu. A na shida ta yi ɗage, na kama ta, akwai layi biyu a wurin. Na ƙarshe goma sha huɗu ne. Daga nan ba ta ƙara yarda ta tsaya ba.

Reino ya cire tabarau. "Katako ne fa, ƙanwata. Ba ita ba ce."

"Na tambaye ka?"

"Yarinyar da ke raye a gabanki tana gidan baƙi, ke kina nan kina gadin fensir."

Na ce Shawna ma a raye take, ya iya bakinsa. Ya ce bai ce ta mutu ba. Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita, ya bar mini sawun taɓo har bakin ƙofa, kuma ya tafi da ma'aunin, wai dama nasa ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe 3:40 na yamma

An soke ganin yau. Wai tana mura. Ko akwai wanda ya san ba ta shan maganin tari mai ɗanɗanon inabi, amai yake sa ta? Na kira ofishin in faɗa, na'ura ce ta amsa.

Kwana hamsin da biyu.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe 9:30 na safe

Sabuwar dabara. Na matsar da ƙarfen ƙasa, wanda ƙofar ke juyawa a kansa, har ya manne da katakon, na karkatar da fallen ya bi karkatar gidan. Ta rufu! Na tsaya ina kallonta, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Reino. Ina juya baya na ji ƙiii, ta buɗe kanta a hankali kamar mai leƙen ko na tafi.

Na rufe. Ta buɗe. Na rufe da ƙarfi. Ɗan ƙarfen sama ya fice daga layinsa, falle biyu suka sauko mini a kafaɗa.

Litinin, ƙarfe 4:10 na yamma

Ta sake faɗowa.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe 8:00 na safe

Kafaɗar ta yi baƙi. Daɓen ya cika da ramukan sukuru, guda tara na ƙirga. Saura mako guda.

Na yi tunanin in toshe ta da ɗan kwali ta ƙasa ranar da matar za ta zo, ta tsaya na minti goma, a sa hannu, shi ke nan. Wa zai sani? Ƙofar nan dama ta takarda ce, don allon Madam Thibault ake yin ta. Yara nawa suka tashi a garin nan ba ƙofa?

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Lambar wurin. Na ɗauka, ban san dalili ba.

Muryar Shawna ta yi kauri, amma tata ce, ba irin ta watannin baya ba. Ta ce ana ba su abinci da kyau. Ta ce tana barci. Ta tambayi Linnea, na ce lafiyarta ƙalau, ban faɗi murar ba. Sai muka yi shiru, minti goma sha biyar kawai ake ba su, ga shi muna ƙona shi. Don in cike wurin na ce ina fama da ɗaura ƙofa a tsohon ɗakinta.

"Ƙofa?"

"Sun ce dole."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ƙofa, Mama. Yanzu."

Na ce me take nufi. Ta ce ba komai, ana jiran wayar, ta ajiye.

Na san me take nufi. Tana da shekara goma sha huɗu ta roƙe ni ƙofa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Har kuka ta yi. Na ce gidana ba a ɓoye-ɓoye, mai son ƙofa yana da abin da yake rufewa. Nakan yaye labulen nan duk lokacin da na ga dama, da kwandon wanki a hannu ko ba komai. Sai ta koma yin ɓoye-ɓoyenta a wasu gidajen.

Ban ce wannan ne ya jawo ba. Mutane da yawa sun yi ta gaya mini ba laifina ba ne, na gaji da ji.

Yau yara ke sa kayan dodanni suna bin gidaje neman alewa. Rigar hankaka da na ɗinka wa Linnea tun Agusta tana rataye a bayan kujera. Zan zuba alewar a kwano in ajiye a waje, kowa ya ɗiba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 4:00 na yamma

Na gan ta. Ta rame kaɗan, hancinta ya yi ja. Muna yin zane, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Mummu, an ce kina yi mini ƙofa."

Haka take kirana, yadda muka kira kakarmu. Na ce eh, ana nan ana fama.

"Tana rufuwa?"

"Tana rufuwa mana."

"Sosai? Ba ta buɗewa da kanta?"

Na ce me ya sa take tambaya. Ta ci gaba da shafa jan fenti a rufin gidan da take zanawa. Ta ce a gidan Mama ɗakinta ba ya rufuwa, kuma abokan Mama sukan shigo neman banɗaki, wani lokaci su zauna a bakin gadonta suna surutu. Ta ce takan sa kujera, amma kujerar ba ta da nauyi. Yadda ake ba da labarin abin da aka ci da rana, haka ta faɗe shi. Sannan ta ce in miƙo mata shuɗi.

Na miƙa mata shuɗi. Na kalli agogon nan har lokaci ya cika, don in na kalle ta za a sami abin rubutawa.

A mota na yi kuka kamar ba ni ba. Ni da nake shirin toshe ta da kwali.

Kwana hamsin da tara.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 7:50 na safe

Na kira Reino. Na ce ya zo da ma'auninsa da ƙarfen ɓamɓara. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ce in ɗora buta.

Lahadi, ƙarfe 5:30 na yamma

Ya yi a hankali, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya bi gefen da wuƙa ya yanke fenti, ya riƙa cusa ƙarfen kaɗan-kaɗan yana cewa, "Taho, tsohuwa, taho." Sama ya saki. Tsakiya ya saki. Amma wanda ya gina gidan nan ya dunƙule ƙusoshi uku a wuri ɗaya, katakon kuma ya bushe kamar ƙashi. Na ji ƙarar kafin in gani. Ya tsage a tsaye, ta kan layukan, daga bakwai har sha ɗaya ya zube gutsi-gutsi a daɓe.

Reino ya tsaya da ƙarfen a hannu. "Arlene, wallahi na..."

Na ce ya ci gaba, rana na tafiya.

Na durƙusa na tsince su a cikin gwangwanin biskit. Akwai guntun da ke da rabin lamba tara a jiki. Ina jin haushi har yanzu, ban kuma san wa zan ba shi ba.

Sabon katakon fari ne fes, ba komai a jikinsa. Ƙwayar iskar ta zauna a tsakiya. Muka rataya falle huɗun cikin minti ashirin, wato mai shagon bai yi ƙarya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Reino ya rufe, ta ce ƙyas. Muka tsaya muna jira ta buɗe. Har shayinsa ya huce ba ta motsa ba.

"Saura ki koyi yin shayi," in ji shi.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 11:20 na safe

Madam Thibault ta buɗe, ta rufe, ta yi alama. Daƙiƙa biyar. Mako uku na rayuwata da kafaɗa guda. Ta ce ƙofar ta yi kyau, wa ya ɗaura mini? Na ce wani makaho.

Juma'a za a kawo ta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 6:15 na yamma

Ta iso ƙarfe huɗu da jakar baya da wata baƙar leda. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta wuce ɗakin. Ta ja ƙofar ta rufe, ta buɗe, ta rufe. Ta tura ta da yatsa daga ciki ta gani ko za ta saki. Ta fito ta duba ta waje. Sai ta shafa sabon katakon.

"Ina zanen tsawon Mama?"

Na ce yana cikin gwangwani, ya karye wajen gyara, zan nuna mata in ta so. Ta yi ɗan tunani, ta ce ba yau ba. Ta koma ciki ta rufe.

Na kwance mata kitson nan a raina sau goma ina yanka dankali. Na soya kifi. Na ninke kayanta da na wanke tun Satumba na zuba a kwando, na ɗauka na nufi ɗakin kamar kullum. Hannuna har ya kai kan ɗan mariƙin, saura in ja.

Na sauke kwandon a ƙasa. Na ƙwanƙwasa. Ƙofar fanko ce, ƙarar ba ta da wani kirki, amma ta ji.

"Waye?"

"Mummu ce. Abinci ya yi."



"Ki ɗan jira."

Kifin na hucewa a kan tebur. Na jira.